Marini da Baƙin Gari

Tunda ka ce kana jin nauyin yin tambaya don furfura ta fito maka, bari in ba ka misalin wani marini. Shekara talatin yana rina shadda a bayan gari, har hannuwansa sun daina wankuwa. Da rinin kanti ya shigo sai ya koma masa, domin ya fi rinin baba na gargajiya saurin kamawa. Ruwan da ya gama da shi kuwa kwata yake tuttula wa, ita kuma ta gangara da shi rafin da masu lambu ke ban ruwa. Rafin yakan wayi gari ja, ya yini kore. Alayyafon wani tsoho mai lambu ya ƙone tun daga saiwa, agwagin matarsa biyu suka mutu. Tsohon bai yi faɗa ba. Ya dai tumɓuko busasshen tsiro ya ajiye a bakin marinar ya juya, abin da ya fi wa marinin zagi ciwo. Mai unguwa ya ce ko ruwan ya gyaru kafin rani ko a rufe wurin, ga shi magidanta tara a nan suke samun abinci. Marinin ya gwada toka, ya gwada yashi, ya haƙa rami, ruwan yana fitowa yadda ya shiga.

Cikin masu kawo masa rini akwai wata mata, sa'ar 'yarsa, wadda ya ji ana cewa kimiyya take koyarwa a jami'a. Sau uku tana zuwa yana haɗiye maganar. A na huɗu ya sunkuyar da kai ya ce, "Malama, ruwan nan ya gagare ni. Ko a karatunku akwai maganinsa?" Ta ce, "Baba, ai a kansa muke bincike, mun rasa marinar da za ta yarda mu gwada." Bayan mako guda ta dawo da wani baƙin gari da ta kira girafin, dangin gawayi da bakin fensir, wanda launi ke manne wa kamar ƙarangiya a zani. Suka cakuɗa shi da yashi a duro, suka zuba jan ruwa ta sama. Marinin ya durƙusa ya tara ƙwarya a ƙasa, sai ga ruwa yana ɗiga garau, har yana hango gindin ƙwaryar. Ta hana a sha, ta ɗiba a kwalba ta kai awo, ta koya masa lokacin sauya garin, ta ce wanda ya ƙoshi da launi a mayar mata, kada a zubar. Da rani ya yi, tsohon mai lambu ya kawo masa damin alayyafo, yankan fari. Marinin bai kai shi gida ba. Ya haɗa da shaddar da ya rina da hannunsa ya kai wa malamar, yana ta sa mata albarka har kunya ta kama ta. To ka ji abin da ya sa magabata suka ce matambayi ba ya ɓata.