Murar Tudun Maƙera

Tun da aka kafa dokar cewa wanda ya fara ambaton warin bututun gas shi zai biya 'yan kwana-kwana, mura ta kama Tudun Maƙera kaf.

Ran Talata wari har ƙwalla yake sawa. Iya Tabawa, da zance ba ya kwana a cikinta, ta daure. Sai ga Kuluwa mai ƙosai riƙe da ashana.

"Kuluwa, yau ki huta mana."

"Kin ji wani abu ne, Iya?"

Iya ta dubi na'urar da hukuma ta kafa don sauraron wanda zai fara faɗa, ta dubi akuyarta ɗaya tilo.

"Na ji wari. A kai akuyar kasuwa, a biya."

Kuluwa ta yi hamdala. Ashe ko tsinke babu a kwalin, munafuka!