Kafin Inuwa Ta Janye

Tun da daulolin waje suka gina hasumiyoyinsu a birnin, doka inuwa take bi. Duk wanda inuwar wata daula ta rufe, kotunta ce ke da shi, kuma wanda aka kai can ba ya dawowa.

Da hantsi aka gaya wa Kulu cewa ƙaninta Sallau, mai gyaran takalma, ya mari mai gadin Daular Teku. An tsare shi a bakin kasuwa, daidai inda inuwar Teku ta hau kan ta Daular Gabas. Jakadun daulolin biyu suna tsaye a kansa, kowa na cewa nasa ne.

Kulu ta fara biyawa wurin ladan, wanda ya shekara talatin yana auna inuwa da ƙafa don kiran azahar.

"Malam, saura nawa inuwar ta janye?"

"Taku huɗu, 'yata. Ki ja su da magana."

Da isarta ta miƙa wa jakadun ruwa.

"Yaya, har ruwa kike ba su?" in ji Sallau.

"Rufe mini baki, sarkin mari. Kada ka motsa."

Ta tambayi na Gabas ko gaskiya ne na Teku ya girme shi a muƙami. Gardama ta dawo sabuwa.

Da rana ta take, inuwoyin suka janye suka bar Sallau a fili. Ɗan sandan gari ya riƙe hannunsa, sai gaban alƙalin unguwa, inda hukuncin mari biyan tara ne kawai.

Jakadan Teku ya naɗe takardarsa ba tare da fushi ba, ya ɗaga kai. A saman hasumiyarsu, magina na ɗora sabon bene.