Taɓaryar Iya

Ina 'yar shekara bakwai, lokacin unguwar Gyaɗi-Gyaɗi duk gonaki ce, wani ƙaton dutsen marmara ya gangaro ya danne ƙafar Baba a ramin da yake haƙar ƙasar gini. Maza shida suka taru suka ɗaga. Dutsen ya motsa, ya kuɓuce musu, ya koma. Ihun da Baba ya yi har yau yana kunnena.

Sai ga kakata Iya da taɓarya a hannu, maƙwabciyarmu tana mirgino turmi.

"Ku matsa! Za ku kashe min ɗa da ƙarfin banza!"

Ta sa aka kwantar da turmin, aka ɗora taɓaryar a kai, aka zura bakinta ƙarƙashin dutsen, aka danna.

"A ɗaga kaɗan, a cusa tsakuwa. Kar wanda ya yi gaggawa."

Taɓaryar tana ƙara kamar za ta karye. Sai la'asar aka janye Baba.

Jiya jikata ta nuna min hoton manyan duwatsun da mutanen zamanin da suka kakkafa, wai masana suna ta gardamar yadda aka ɗaga su. Na daɗe ina kallon hoton. Na ce, "Ba su tambayi Iya ba ne."