Gonar Mutane

Mari na biyu ne ya kai ta ƙasa. Ta faɗa cikin taɓon gonar shinkafa, bakinta cike da jini, mijinta na tsaye a kanta yana warin giya.

"Ke da aka ɗauko daga Biyetnam, ke za ki gaji gonar ubana? Me kika ba tsohuwar nan ta sha?"

Da safiyar ranar uwarsa ta tara dattawan ƙauye, ta ce bayanta ya gaji, ta ajiye noma, gona kuma ta bar wa matar ɗanta, wadda ta yi dashe da girbi tare da ita tun zuwanta. Shi kuwa tuni ya yi wa masu gina otal daga babban birnin Seoul alkawarin filin.

Ya cafki gashinta ya danna kanta cikin ruwa. Da ta ɗago tana haki, sai ta hango tsohuwar tafe a duƙe, da fartanya a hannu. Matar nan ba ta taɓa sakar mata fuska ba, kuma wannan ɗan shi kaɗai ta haifa. Ta rufe ido, tana jiran saukar fartanyar a kanta.

Ƙashi ya yi ƙas! Mijin ne ya zube, riƙe da gwiwa, yana kururuwa.

"Umma! Ni ne fa, ɗanki!"

"Na gane ka sarai," in ji tsohuwar, ta sake ɗaga fartanyar. "Ja jiki ka fita daga gonar mutane."