Gawayi a Hannun Kaka

Ina aji ɗaya Kaka ta yi alwashin ɗaure mini hannun hagu, tunda na kasa rubutu da dama. Wata yamma a Godogodo, tsakar gida na ƙamshin citta, Anti Rifkatu ƙanwar babana ta dawo hutu daga kwalejin malamai, ta tarar ina kuka, Kaka riƙe da tsumma.

Anti Rifkatu ta miƙa wa Kaka gawayi. "Mama, zana mini gicciye da hagunki."

Ya fito a karkace.

"Wuni guda aka sa mu haka a kwaleji, har na yi hawaye. Abin da yarinyar nan take ji ke nan."

Kaka ta daɗe tana kallon zanen. "To, ta rubuta. Amma tuwo da dama!"

Yanzu da nake koyarwa, kafin in gyara wa yaro riƙon fensir sai na duba fuskarsa.