Kofi Mai Jan Zare

Dakta Sirajo ya ɗaga tsohon kofin silba sama, ɗakin taron jami'ar ya yi tsit.

"Ku dubi jan zaren nan a mariƙinsa," in ji shi. "Shekara ɗari da suka wuce, haka ake yi wa kofin mai tarin fuka alama a asibitocin killace marasa lafiya. Ko ka warke, danginka ba su ƙara haɗa kofi da kai."

Wata Baturiya ta share hawaye. Aka yi ta tafi. Har ya isa gidansa a McLeansville tafin bai bar kunnensa ba.

A waje ya ajiye mota, don gareji ya zama ɗakin mahaifiyarsa tun tarin da ta yi bara. Likita ya ce ta warke sarai, shi ya ce a dai ƙara dubawa.

Ta leƙo, leɓɓanta sun bushe ƙamas.

"Sannu da dawowa, Dakta. Don Allah ko ka ga kofina? Tun safe nake nema. Ka san ka hana ni taɓa naku."