Turmin da Aka Kife

Tun daga ƙofa zuciyarta ta fara tafasa. Rufin kwano, daɓen siminti, fili fetal, ga kantunan Turawa jere bakin titi. Nan ƙanwarta ke zaune a Sakkwato tun da ta auri mai gadin kanti. Ita kuwa an bar ta a lungun Wurno, katanga jingine da katanga, in ka yi tari maƙwabta su ce sannu, tun asuba taɓaren mata su hana ka barci.

"Ke kam kin huta," ta ce, murmushin iya leɓe. "Ba hayaƙin kowa, ba bakin kowa."

Ƙanwar ta nuna mata abin zama. Sai da ta zauna ta gane shi. Turmin Innarsu ne, wanda ta roƙa aka hana ta, aka sa a kayan auren ƙanwar. An kife shi, gara ta soma cin bakinsa.

"Mi yas sami turmin ga?"

"Baturen kanti bisa bene shika kwana, ba shi son ƙarar daka. In an rufe kantuna da la'asar, Yaya, ko sallama ba ni ji sai wata safiya. Ran Juma'a nikan tai bakin lungunan cikin gari in tsaya, in saurari luguden matan da ban sani ba."

Ƙanwar ta shafa gefen turmin.

"Ki koma da shi gida. Ki daka da ƙarfi."

Ga abin da yayar ta yi shekaru tana so ya samu, amma ta kasa tashi daga kansa.